Yadda Na Karanta Takardar Nura

A gidan nan akwai maganar da kuka taso kuna ji, wai yayanku Nura ya taɓa samun aikin kamfani ya ƙi tafiya don ba ya iya nesa da tuwon Inna. Ana faɗarta cikin raha ranar Sallah ko ranar suna, shi ma yana dariya tare da ku. Na daɗe ina jin ta ina yin shiru, kuma shirun nan nawa shi ya raine ta har ta zama kamar gaskiya. Yanzu da ido ya fara rauni, hannu kuma yana rawa in na daɗe riƙe da biro, gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iyawa. Nura bai ƙi aiki ba. Ni na hana shi.

Sai na fara gaya muku matsayina a garin nan a wancan lokaci, don ƙananan cikinku ba su riske shi ba. Na koyar da Turanci a firamare tun ina saurayi har na yi ritaya, kuma a ƙauyukan da ke tsakanin Minjibir da Zakirai, duk takardar da ta zo da rubutun boko mai wuya, zaurenmu take ƙarewa. Takardar asibiti, sammacin kotu, wasiƙar ɗa da ke aikin soja, duk ni ake kawo wa bayan la'asar. Ina da wani tsohon ƙamus mai jan bango da na saya tun ina makarantar horon malamai, ba na rabuwa da shi, har mutane suka bar kirana Malam Idi suka koma Malam Ƙamus. Ba zan ɓoye muku ba, sunan yana min daɗi. Mutumin da aka shekara talatin ana tambayarsa yakan manta yadda ake tambaya, ni kuwa na manta ban ma san na manta ba.

Akwai kuma wani tsohon miki da ban taɓa ba ku labarinsa ba. Lokacin da makarantarmu ta tura ni gwajin koyarwa a wata firamare can gabas da mu, hedimastan ya tsayar da ni gaban yara da safe, ya ce musu ga “trainee” an kawo, wato ɗan koyo, su riƙa haƙuri da ni. Wata uku yaran suna kirana Malam Ɗan Koyo. Ni ke buga ƙararrawa, ni ke sayo wa hedimasta goro, in malamai suka zauna shawara sai a ce in je in tsare aji. Tun daga nan kalmar ta zauna min a rai da ɗaci, kuma na yi alkawari a zuciyata cewa ɗana ba zai ɗanɗani irin wannan ba.

Nura ya karanta ilimin noma a jami'a, a sabon matsuguninta da ke wajen Rijiyar Zaki. Tun yana ƙarami hankalinsa a gona yake. In yara suna wasa, shi yana tsugune yana duba dalilin da ya sa geron wannan kunya ya fi na waccan tsawo. Da ya kai aji huɗu aka ce kowane ɗalibi ya nemi inda zai yi aikin gwaji na wata shida, sai ya zaɓi wani kamfanin iri da ke da gona a bayan birni. Ya rubuta takardar nema ya kawo min in duba. Ya rubuta “I want to do my IT in your company”, yadda ɗalibai ke kiran aikin gwajin a bakinsu. Na ɗauko jan biro na soke, na rubuta masa “I wish to apply for an internship with your company”. Na zaunar da shi na bambance masa: “intern” shi ne mutumin da ke aikin gwajin, “internship” kuwa zaman aikin ne, don haka ba a cewa “I am an internship”, kamar yadda ba za ka ce ni noma ne ba, sai dai ni manomi ne. Na ce in ya gama zai rubuta “I completed an internship”, ba “I did IT” ba. Duk wannan daidai na gaya masa, har gobe ina kan bakana. Suka ɗauke shi, ya dawo ya ce matar da ke karɓar takardu ta yaba rubutun. Na kwana biyu ina jin kaina.

A cikin watannin nan ne na shiga birni tantance ’yan fansho, da aka gama da wuri na ce bari in leƙa in ga inda yake aiki. Na tarar da shi da buhun taki a ka, ƙafarsa cikin takalmin roba duk taɓo, wani mutum da ko gaisuwar Turanci bai iya ba yana nuna masa inda zai sauke. Da ya gan ni ya sauke buhun ya rugo da murna. Ya ja ni cikin wasu kunyoyin gero da aka sa wa kawunansu jakunkunan takarda aka ɗaure, yana min bayanin yadda suke aurar da iri da iri don a samu geron da zai nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke. Ya yi ta magana, idonsa na ƙyalli. Ni kuwa ban ji rabin abin da ya ce ba. Buhun nan nake gani, da ƙararrawar hedimasta. A mota ina dawowa na ce wa kaina, to, wata shida ne, zai wuce.

Ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida farkon damina ya shiga gandu tare da mu. A mako guda takardu biyu suka iso. Ta farko daga kamfanin irin nan, sun aiko ta waya ya je Minjibir aka buga masa a takarda. Ta biyu kuwa ni na nemo ta, ta hannun wani tsohon abokin aikina, aikin koyar da noma a wata sakandare kusa da Minjibir.

Ranar da ya kawo min ta kamfanin, muna zaune a zaure da Yaya Alhaji Sule, babban wana, wanda kuka sani da fataucin gyaɗa. Bai yi boko ba, amma a gidan nan ba a yanke magana sai da shi. Nura ya durƙusa ya miƙo min. Na sa tabarau na karanta da ƙarfi, yadda na saba, don a ji Turancin: “We are pleased to offer you the position of Graduate Trainee.” Suka ce zai fara a gonarsu ta bincike da ke wajen Zariya. Yaya Alhaji ya tambaye ni abin da takardar ta ce, na ce masa sun ba shi matsayin ɗan koyo mai digiri.

“Koyo kuma?” in ji Yaya Alhaji. “Shekara biyar a jami'a, ga bautar ƙasa, har yanzu bai iya ba?”

Ya yi dariya, ba da mugunta ba, amma dariyar ta same ni a kan tsohon mikin. Na ce masa ai haka kamfanoni suke, su sa yaro dako su canza wa dakon suna. Jiya “intern”, yau “trainee”, gobe “apprentice”, duk kanwar ja ce, ɗan koyo ne dai. Nura yana durƙushe kansa a ƙasa, ya bari na gama, sannan ya yi magana a hankali.

“Baba, wannan daban ne. Wancan na ɗalibai ne, wannan ɗaukar aiki ce. Haka suke kiran duk wanda suka ɗauka daga jami'a, in ya yi shekara ɗaya ko biyu sai su ba shi ɓangarensa.”

Da mu biyu ne kawai, wataƙila da na saurare shi. Amma a gaban wana, a cikin zauren da nake fassara wa gari takardu, ɗan cikina yana gyara min Turanci. Na miƙa hannu na ɗauko ƙamus, na buɗe, na sa yatsa a kan kalmar, na karanta musu cewa “trainee” shi ne wanda ake koya wa aiki. Na rufe littafin. Sannan na ɗauko takarda ta biyu na nuna musu inda aka rubuta “permanent and pensionable”, na ce ga aiki na dindindin mai fansho, ga kuma koyo da ba a san ranar gamawarsa ba, mai hankali ya zaɓa. Yaya Alhaji ya ce ai magana ta ƙare, tunda littafi ya faɗa.

Innarku Hajara ba ta shiga maganar maza, kuma Nura ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira. Amma da na shiga cikin gida tana tankaɗe, ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ta ga yaron nan ya shigo jikinsa a sanyaye. Na gaya mata yadda aka yi. Ta ɗan jima tana kaɗa rariya.

“Malam, ba za a tambayi wanda ya san aikin kamfani ba?”

“Wa zan tambaya a garin nan?” na ce. “Ni ake tambaya.”

Ta ci gaba da tankaɗenta. Na sha tuna wannan amsa tawa, kuma duk cikin maganganun da suka fito daga bakina a duniya, ban san wadda na fi jin kunyarta ba.

Washegari muna maimai a gonar gabas, Nura ya matso kunyar da ke kusa da tawa, ya sake ɗauko maganar. Ya ce shugaban gonar da ya yi wa aiki shi ma da wannan matsayi ya fara. Ya ce in na yarda ya kira mutumin a waya in ji daga bakinsa. Na ce ba zan tambayi mai kaya ko kayansa na da kyau ba. Na ce masa ni ubansa ne, na ɗanɗani koyo na san ɗacinsa, kuma ban sa shi makaranta don ya ƙare da buhu a ka ba. Ya tsaya riƙe da fartanya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce to, Baba, ya sunkuya ya ci gaba da noma. Da hannuna na rubuta takardar ƙin karɓa, da Turanci mai kyau, na gode musu na ce ya samu abin da ya fi dacewa da karatunsa. Shi dai hannu kawai ya sa.

Ya kama koyarwa. Ya samu babur, yana zuwa yana dawowa, ya yi aure, aka haifi Hajara ƙarama. Ban taɓa jin an ce ya yi sakaci da aji ba. Ya roƙi firinsifal aka ba shi wani fili a bayan makaranta, yana shuka gero iri-iri tare da ɗalibai, amma ba shinge, kowace shekara awaki su cinye rabi. Ni a ganina komai ya tafi daidai. Abu ɗaya kawai na lura da shi, ban kuma ba shi muhimmanci ba: ya rage hira da ni a kan gona. Da can in ya ga wani abu a jikin ganye sai ya tsinko ya kawo min. Ya daina. Yana gaishe ni safe da yamma, yana yin duk abin da na ce, shi ke nan.

Damina huɗu bayan haka, wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a ƙofar mai gari, aka yi shela manoma su fito za a nuna sabon irin gero. Wanda ya fito daga motar Kabiru ne, ɗan Zakirai, abokin karatun Nura, wanda ya sha cin tuwo a gidan nan lokacin hutu. Tare suka yi aikin gwajin, tare aka ba su takardar nan, shi ya karɓa. Da ya gama da manoma ya zo ya gaishe ni a zaure, ya cire takalmi ya durƙusa kamar da. Na sa masa albarka, sannan na tambaye shi, da zuciya ɗaya, ko har yanzu koyon yake yi.

Ya yi murmushi yana zaton wasa nake. Da ya ga fuskata sai murmushin ya ɗauke. Ya ce a'a, Baba, ai tun shekara ta biyu aka ba shi ɓangare, yanzu shi ke kula da gwajin iri a ƙananan hukumomin nan namu duka, akwai mutane a ƙarƙashinsa. Na ce to ya bambance min kalmomin nan, don ni a wurina duk ɗaya ne. Yaron nan ya ji nauyi, ya ce shi wa ne da zai koya wa Malam Turanci. Na ce ya faɗa. Ya ce “intern” baƙo ne, yawanci ɗalibi, ya zo na ɗan lokaci ya ga yadda ake aiki ya tafi, ba a yi masa alkawarin komai ba. “Apprentice” shi ne mai koyon sana'ar hannu a ƙarƙashin ubangida, irin na maƙera da kafintoci. Amma in kamfani ya rubuta “graduate trainee” ko “management trainee”, to ya riga ya ɗauke ka, ma'aikacinsa ne kai, yana zagayawa da kai sashe-sashe ne don ya shirya ka riƙe wuri. Ya ce daga cikin ɗaruruwan da suka nema ’yan kaɗan aka zaɓa, kuma Nura ne na gaba a cikinsu, har shugaban gonar ya yi ta tambayar abin da ya hana shi zuwa.

Bayan ya tafi na ɗauko ƙamus na sake buɗe wurin. Abin da na karanta a ranar yana nan, ban ƙara ba ban rage ba. Littafin bai yi ƙarya ba. Ya gaya min ma'anar kalma ita kaɗai, amma bai san abin da take zama ba in ta haɗu da wata a bakin masu ɗaukar aiki, don an buga shi tun kafin a haifi Nura. Wanda ya sani yana durƙushe a gabana a ranar, na rufe masa baki da littafi. Na shiga na gaya wa Innarku. Na zaci za ta tuna min maganarta, ba ta yi ba. Ta ce kawai in san yadda zan yi da yaron, don ita ta daɗe tana ganin abin a fuskarsa.

Kun san al'adarmu, uba ba ya tsayawa gaban ɗan fari ya ce na yi kuskure. Na yi ta ɗagawa, yau in ce gobe, har damina ta wuce aka shiga girbi. Wata Asabar muna ɗaurin gero a gonar gabas, mu biyu muka rage a gefen kuka, sauran sun tafi kai damma gida a amalanke. Ina riƙe da igiya yana tattaro zangarniya. Na ce masa Kabiru ya zo ya gaishe ni kwanakin baya, ya ce ya ji. Na ce mun yi magana a kan takardar nan ta kamfani. Bai ɗago ba. Na ce na gane ba daidai na karanta ta ba, da ya yi min bayani sosai a lokacin da ban hana shi ba. Kun ga ko a nan ma sai da na nemi in ɗora masa rabin laifin.

“Na yi bayani, Baba,” ya ce. “A zaure, da kuma a gonar nan.”

Bai faɗa da zafi ba. Ya faɗa ne kamar mai gaya maka ranar kasuwa. Na ce haka ne, ya yi. Na ce laifin nawa ne duka, girman kai ne da tsohon haushin da ba shi ya jawo min ba, ya yafe min. Sai a lokacin ya ɗago, kunya ta kama shi fiye da ni, ya ce subhanallahi, ya yafe tun tuni, abin da Allah bai rubuta wa mutum ba ba zai same shi ba. Na yarda ya yafe, don Nura ba ya faɗar abin da ba ya zuciyarsa.

Na ce to ya sake nema, wannan karon ni da kaina zan raka shi har Zariya in ya so. Ya ja igiyar ya ƙulle damin, ya danna shi da gwiwa, sannan ya ce ai ya sake nema. Shekaru biyu da suka wuce, da ya ga sun yi talla. Suka amsa masa cewa matsayin na waɗanda suka gama jami'a kwanan nan ne, shi kuwa ya daɗe da gamawa, shekarunsa ma sun haura ƙa'idar da suka sa. Ban taɓa jin wannan ba, Innarku ma ba ta ji ba. Sai na ji bakina yana tambayarsa wa ya duba masa takardar neman.

“Ni na rubuta, Baba. Ban nuna wa kowa ba.”

Muka ji ƙarar amalanke tana dawowa. Ya sunkuya ya ɗaga damin shi kaɗai ya kai bakin hanya, ni ina tsaye da sauran igiyar a hannu. Nura yana nan yana koyarwa har yau, an ba shi mataimakin firinsifal, kuma duk shekara yana shuka geronsa a bayan makaranta. Bara na saya masa waya mai ƙaya aka kewaye filin. Ya zo ya yi min godiya sosai, har ya durƙusa. Iyakar abin da na iya ke nan.